Taga da Gilashi Mai Launi: Tarihin Wani Ado da Ya Shigo Gidajenmu



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, watau taga. Duk wanda ya zaga sababbin unguwanni a Zuru, ko Kontagora, ko Birnin Kebbi, zai ci karo da wani yayi: gilashin taga ko na ƙofar falo wanda aka zana wa layuka baƙaƙe ko masu ruwan toka, aka cike tsakaninsu da ja da shuɗi da kore. Mai hange daga nesa zai zaci ƙananan gilasai ne aka harhaɗa da dalma. In ya matso ya shafa, sai ya tarar falle ɗaya ne, layukan kuwa manna su aka yi, ko aka matso su daga kwalbar fenti, ko kuma leda ce mai zane aka liƙa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne amsa tambayoyi uku. Ina asalin wannan layi da ake kwaikwayo? Yaya kakanninmu suka yi da haske kafin gilashi ya hau bangonsu? Me ya dace mu ɗauka daga wannan ado, me kuma ya dace mu yi hattara da shi?

Shaidar Kalmomi

Da yake harshe ne fagena, bari in fara da shi. Kalmar taga daga Larabci ta zo mana, inda take nufin ƙaramar kafa a jikin bango. Wundo da gilashi kuwa daga Ingilishi aka aro su, ba su kuma daɗe a bakinmu ba. Amma madubi Hausa ce tsantsa, an gina ta daga duba, kamar yadda aka gina mabuɗi daga buɗe. Haka kuma muna da ƙarau, watau awarwaron gilashi da mata kan sa a hannu. Abin da waɗannan kalmomi ke shaida mana shi ne, Bahaushe ya san gilashi a matsayin abin duba fuska da abin ado na jiki tun da daɗewa, amma gilashin da ake sawa a bango baƙo ne na jiya-jiya.

Asalin Layin Dalma

Gilashi dai yashi ne da ake narkarwa tare da kanwa ko tokar itace da ɗan alli, a cikin wuta mai tsananin zafi. Mutanen Masar da na Iraƙi ta dā suna yin tukwane da kwalabe da shi tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙarni na ɗaya kafin haihuwarsa aka gano hura shi da bututu a yankin Sham. Rumawa sun sa shi a taga, domin an tono gutsattsarinsa a kangon birnin Pompeii, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79.

Matsalar da ta dami maƙeran gilashi har tsawon ƙarnuka ita ce girma. Abin da mutum zai iya hurawa da huhunsa ya baje shi bai wuce ɗan faifai ba. To, yaya za a rufe taga mai tsawon gaba biyar ko goma da irin waɗannan ƙanana? Amsar da maginan Turai suka samo ita ce dalma. Ƙarfe ne mai laushi, yana lanƙwasuwa da hannu, yana narkewa da ƙaramar wuta, ruwan sama kuma ba ya cin sa da sauri. Sai su zuba ta siririya, mai kwarmi a gefe biyu, su cusa bakin gilashi a kowane kwarmi, su liƙe mahaɗan da narkakkiyar dalma gauraye da kuza.

Wani malamin Kirista a ƙasar Jamus mai suna Theophilus ya rubuta yadda ake wannan aiki a farkon ƙarni na 12. Ana zana hoton a kan allon da aka shafa wa farar ƙasa, a yanka gilashi da ƙarfe mai zafi daidai da zanen, a fitar da fuska da tufafi da baƙin fenti, a gasa a wuta don fentin ya kama, sa'an nan a harhaɗa. Launin kuwa a cikin jikin gilashin yake tun daga tukunya: ma'adinin kobal ke ba da shuɗi, jan ƙarfe ke ba da ja ko kore gwargwadon yadda aka sarrafa wutar. Daga farkon ƙarni na 14 aka gano cewa azurfa na rina gilashi ya zama rawaya in an gasa. Tagogin annabawa na babbar majami'ar Augsburg a Jamus, waɗanda aka yi wajen shekara ta 1100, suna cikin mafi tsufa da ke nan a mazauninsu. Majami'ar Chartres a Faransa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1194, tana da irin waɗannan tagogi fiye da 150 na wancan zamani.

Abin lura a nan shi ne, larura ce ta haifi layin dalma. Gwanintar masu sana'ar ita ce da suka mai da abin da ya zame musu dole ya zama ƙashin bayan zanen.

Hanyar Ƙasashen Musulmi

Ƙasashen Musulmi sun fuskanci wannan matsala ta ƙanƙantar gilashi, suka bi wata hanya dabam. Su da wata farar ƙasa mai saurin daskarewa, wadda ake kira jibsin, suka yi aiki. Sai a zuba ta kamar allo, a huda ta da wuƙa bisa zanen taurari ko furanni ko rubutu, a toshe kowace huda da ɗan gilashi mai launi. An samu ɓurɓushin irin wannan a fadar Khirbat al-Mafjar kusa da Jericho, ta ƙarni na 8, da kuma a Samarra ta Iraƙi, ta ƙarni na 9. A Alƙahira, masallatai da gidajen zamanin Mamluk, watau daga 1250 zuwa 1517, cike suke da su. Larabawa kan kira irin wannan taga ƙamariyya, daga sunan wata, ko shamsiyya, daga sunan rana. Dogayen gidajen tsohon birnin Sana'a a Yemen sun shahara da ita.

Ina so ku riƙe wani bambanci. A arewacin Turai rana ba ta da ƙarfi, don haka suka faɗaɗa taga don su jawo haske. A Alƙahira da Sana'a rana ta yi yawa, don haka ƙamariyya ƙarama ce, a can sama take kusa da rufi, aikinta ta tace haske, ta rage masa kaifi, ta kuma hana na waje leƙen na ciki. Lalle bukatarsu ta fi kama da tamu.

Gilashi a Ƙasarmu Kafin Zuwan Turawa

Kada wani ya ɗauka cewa sai da Bature ya zo aka san gilashi a wannan ƙasa. A Igbo-Ukwu, a kudu maso gabas, tonon da Thurstan Shaw ya fara a 1959 ya fito da duwatsun ado fiye da 160,000, akasarinsu na gilashi, daga wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. A Ile-Ife, a wurin da ake kira Igbo Olokun, binciken Abidemi Babalola da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2017, ya nuna cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen wurin suna narka gilashinsu da kansu daga ma'adinan ƙasarsu.

Kusa da mu kuwa akwai Bida, wadda ta taɓa zama a Lardin Neja ɗaya da Zuru. A can akwai unguwar Masaga, maƙeran gilashi, waɗanda tarihinsu na baka ya ce daga Masar kakanninsu suka taso. Da can sukan haɗa baƙin gilashinsu daga yashi da kanwa, daga baya suka koma narka kwalabe. S. F. Nadel ya bayyana sana'arsu a littafinsa kan ƙasar Nufe wanda ya fito a 1942. Tsakiya da ƙarau na Bida sun shiga kasuwannin ƙasar Hausa ta hannun fatake. Daga arewa kuma, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iske a kasuwar Kano a 1851 duwatsun ado daga Venice da ƙananan madubai daga Nuremberg, waɗanda suka ƙetaro Sahara a kan raƙuma.

Ashe ke nan akwai gilashi, akwai masu narka shi, akwai kuma masu kuɗin saye. Me ya sa bai hau taga ba? Dalili ɗaya shi ne wuyar ɗauko falle mai faɗi a kan raƙumi ko jaki. Babban dalilin kuwa yana cikin tsarin ginin kansa.

Haske a Ginin Gargajiya

Maginin Hausa da tubali da azara yake aiki. Katangarsa mai kauri ce, musamman daga gindi, tana shan zafin rana a hankali, ba ta sako shi ciki sai dare ya yi. Kowace kafa da aka huda a irin wannan bango ƙofa ce ga zafin bazara, da ƙurar hunturu, da sauro, da ɓarawo, da idon mai wucewa. Saboda haka taga ta zama 'yar ƙarama, a sama, wani lokaci ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Hasken gida a tsakar gida yake. A can ake daka, da girki, da saƙa, da hira. Ɗaki na barci ne da ajiya, ƙofarsa kuma da asabari ko labule ake tace haskenta.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, ya isa misali. Ɗan hasken da ke shiga cikinsa shi ke fito da zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai da bakan-gizon rufin, domin zanen da aka tayar da laka inuwa yake bukata kafin ya bayyana. Inda kuma ake son ƙyalli, an san yadda ake samo shi. Rahoton Lugard kan shigar Turawa Kano a 1903 ya bayyana wani soron fadar Sarki da aka yi wa ado da baƙi da fari da kore da rawaya, rawayar kuwa ta wani yashi ce mai walƙiya. Magina sukan kafa tasa ko kwano a tsakiyar ɗaurin guga, amarya kuma takan yi jeren kwanoni da tasoshi su riƙa ɗaukar ido a cikin duhun ɗaki. Watau launi da ƙyallin da Bature ya sa a taga, mu a bango da rufi da jere muka sa su.

A nan ƙasar Zuru, wadda ta haɗa Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, ginin gargajiya na Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da na maƙwabtansu, ɗakuna ne kewayayyu na laka da jinka, da rumbuna a cikin gida. A zamanin hare-hare na ƙarni na 19, lokacin da jama'a da yawa suka fake a kan duwatsu, babu mai hankalin da zai faɗaɗa kafa a bangonsa. Fasahar mutanen wannan ƙasa ta bayyana a aikin yumɓu, musamman tukwanen da mata kan gina masu siffar mutane da dabbobi, waɗanda ake ɗorawa a kan kaburburan manyan mutane. Waɗannan tukwane sun kai har gidajen tarihi na ƙasashen waje. Ɗalibai su riƙe wannan, domin zan komo kansa.

Shigowar Gilashin Taga

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan ɗauko kaya masu nauyi da masu fashewa ya zo da sauƙi. Gilashin taga ya fara bayyana a gidajen Turawa na bariki, da ofisoshin En'e, da makarantu, da asibitoci, da gine-ginen mishan, waɗanda suka kafu a Zuru tun shekarun 1920. Daga nan ya bi kwanon rufi da siminti zuwa gidajen ma'aikata, da 'yan kasuwa, da tsofaffin sojoji, waɗanda wannan ƙasa ta yi suna wajen samar da su.

Abubuwa biyu suka ƙara wa al'amarin gudu. Na farko, a 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana sabuwar hanyar yin gilashi, inda ake malala shi a kan narkakken kuza ya fito sumul, da faɗin da ake so, da araha. Larurar da ta haifi layin dalma kuwa ta riga ta kau tun kafin wannan lokaci. Na biyu, kuɗin man fetur na shekarun 1970 da ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 sun sa ma'aikata da yawa gini. Taga mai falle-fallen gilashi da ake ɗagawa da mariƙi ta zama alamar gidan ɗan boko, daga baya ta alminiyam mai zamewa ta karɓe ta.

Sai dai faɗin taga ya zo da nasa haraji. Mai gida ya biya kuɗin gilashi, ya biya na ƙarafan tsaro don ɓarawo, ya biya na labule mai kauri don rana da idon jama'a, sa'an nan ya nemi fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas. Gidaje nawa ne labulensu ke sauke daga safe har dare, ana kunna fitila da rana tsaka? A wannan giɓi ne gilashi mai launi ya sami wurin zama, domin yana barin haske ya shigo, yana kuma suturta na ciki. Wannan ita ce fa'idarsa ta gaskiya, ita ce kuma fa'idar ƙamariyya tun shekaru dubu da suka wuce.

Dalma da Lafiyar Yara

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Wani daga cikin zirin da ake mannawa a gilashi dalma ce ta ainihi, haka kuma wasu fentoci na ɗauke da ita. Mu a wannan yanki mun san abin da dalma ke yi. A 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabtanmu, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, aƙalla yara 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa.

Haɗarin zirin taga bai kai na ƙurar ma'adinai ba, gaskiya ce. Duk da haka, mai yin wannan ado a gida ya tambayi mai sayarwa abin da ke cikin kayan, ya zaɓi fentin layi ko leda marasa dalma in da hali. In kuwa dalmar zai yi aiki da ita, kada ya goge ta da takardar yashi, kada ya narka ta a ɗaki, ya kwashe gutsattsarin, ya wanke hannu kafin cin abinci, ya kuma sa ta a tagar da hannun yaro ba ya kaiwa.

Kammalawa

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Aro ba laifi ba ne, domin kalmar taga kanta aro ce, ga ta kuwa ta zama tamu. Abin dubawa shi ne zanen da muke ɗorawa a kan gilashin. Akasari furannin ƙasashen sanyi ne da tsuntsayen da ba mu taɓa gani ba, alhali muna da dagi, da zanen gaban babbar riga, da na ƙwarya, da na bangon zaure, da siffofin tukwanen Lelna da na ambata ɗazu. Duk waɗannan da layi mai kauri da fili mai launi ɗaya aka gina su, watau daidai abin da aikin gilashi ke bukata.

An riga an share mana hanya. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 sun tsaya a kan haɗa dabarar waje da fasahar gida, ɗaya daga cikinsu kuma, Yusuf Grillo, wanda ya rasu a 2021, ya yi fice da tagogin gilashi masu launi a majami'un Legas. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana koyar da fasahar gilashi. Ga ɗalibai, akwai aikin tattara zane-zanen ƙasar Zuru da sunayensu daga bakin tsofaffin magina da masu ginin tukwane, tun suna raye. Ga ma'aikata, musamman na sashen ayyuka da ke amincewa da taswirar makarantu da asibitoci, ina roƙon ku dubi girman taga da fuskar da ta kalla kafin ku sa hannu, ku tuna cewa ƙaramar taga a sama mai tace haske ta fi babba wadda za a rufe da labule.